Ba Komai Ɗin Malam Tanimu

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a hanyar Kaduna, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Innarku tana gaishe ka. Na ce mata ai katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da naka, ta ce ita dai ba za a rubuta takarda a gidan nan babu gaisuwarta a ciki ba.

Na san za ka yi dariya. Gida ɗaya muke kwana, kai ne kuma ka kawo mini wayar hannu tun ba kowa ke da ita a unguwar nan ba, amma ga shi na ɗauki biro. Dalili kuwa, in na zaunar da kai zan yi magana, kafin in kai tsakiya ka sunkuyar da kai ka ce "To, Baba," shi ke nan ka kashe mini baki. A waya kuma sai na hau gaɓar kanal ɗin ban-ruwa ina juye-juye kafin in ji ka, rabin maganar ta bi iska. Takarda ba ta katse mutum. Ka karanta ta tun kana Kano, ba sai ka sauka ba, don akwai inda nake so ka je kafin ka tafi.

Bari in fara da abin da bakina ya kasa faɗa a gabanka. Ina alfahari da kai, Kabiru. Ranar da ka zo da labarin an ɗora ka a kan duk masu gyaran ƙarfen sabis na shiyyar nan, na tafi gona na kasa taɓuka komai. Na tsaya a bakin fangali ina kallon dogon ƙarfen nan na gefen titin Zariya, duk wanda ya zo wucewa sai na tare shi da doguwar gaisuwa, don dai ya tambaye ni ya yara. Yaron da nake kora daga cikin kanal da tsumagiya saboda wanka, yau shi ne in bai yi aikinsa ba ba mai jin muryar ɗan'uwansa daga Kura har Kaduna. Wallahi na ji daɗi, kuma har yanzu ina ji.

To amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, shi ne maganar Malam Tanimu.

Ga yadda na fahimci lamarin daga bakinka, in na yi kuskure ka gyara mini. Kamfanin wayar da ka fara aiki a cikinsa, wani da ya fi shi girma ya haɗiye shi, suka ce wai haɗewa aka yi. Aka sauke allonku aka kafa nasu, aka karɓe rigunanku aka ba ku masu wani launi, aka turo muku sababbin ma'aikata da shugaba daga Legas, wadda kuke kira Madam. Su mutanen nan ba sa gaisuwa kafin taro, agogo yana bugawa suke farawa. Abin da za a faɗa maka baki da baki sai a aiko maka ta kwamfuta, alhali mai aikowar yana zaune a teburin da ke kusa da naka. Kowa kuma sunansa tsirara ake kira, ko da ya haife ka. Ku tsofaffin ma'aikata kuna kiran kanku 'yan gida, kuna kiran su baƙi, ko abinci ba kwa ci a wuri ɗaya.

Malam Tanimu kuwa shi ne babban 'yan gida. Shi ya karɓe ka kana sabon fitowa daga makaranta, ya koya maka ɗaura igiya kafin hawa, ya koya maka jin ciwon janareta daga ƙararsa. Kowa shi ya sa wa ido a kan kujerar nan. Sai Madam ta tara ku, ta ce kai aka ba, ta juya a gaban jama'a ta kira sunansa haka nan babu Malam, ta tambaye shi ko akwai matsala. Ya ce babu. Da ka bi shi waje kana ba shi haƙuri, ya dafa kafaɗarka ya ce, "Haba Kabiru, ba komai. Allah Ya taya ka riƙo." Ka dawo gida fuskarka a sake ka ce mini, "Baba, Malam Tanimu bai riƙe ni ba."

Daga ranar kuma ƙarafan da ke hannunsa suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da yake riga mai gadi zuwa ya koma sai rana ta take. Yanzu Madam ta ce aikinka na farko a Kaduna shi ne ka gaya mata ko a bar shi ko a sallame shi, tunda za a rage mutane. Na ga yadda ka daina cin tuwo sosai. Kana tambayar kanka, mutumin da ya ce ba komai, me kuma ya same shi? To zauna in ba ka labarin Arɗo Manu.

Kana ƙaramin aji a firamare lokacin, ba lallai ka tuna ba. A da mu manoman wannan gefen ƙofar ruwanmu daban, mutanen rugar da ke ta wajen Bunkure tasu daban. Su Fulani ne da suka daɗe da zama, suna kiwo suna noman tumatir, mu kuma alkama da shinkafa. Arɗo Manu shi ke buɗe musu ƙofarsu tun ranar da ruwan Tiga ya fara zuwa ƙasar nan. Da aka gyara kanal sai aka mayar da mu ƙofa ɗaya, aka ce mu zama ƙungiya ɗaya, mu fitar da shugaba ɗaya. Mun fi su yawa, ni kuma na ɗan iya karatun boko, sai abin ya faɗo kaina. Arɗo, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya zama mataimakina.

Ranar rabon ruwa na sa babbar rigata, na tsaya a gindin mangwaro ina ta zuba kamar wani Di'o na zamanin Turawa. Kuma ka ji da kyau, da zuciya ɗaya na yi abin da na yi. Ka san duk manomi ruwan asuba yake so, ƙasa da sanyinta, rana ba ta shanye rabinsa ba. Sai na ce mu mun bar muku ruwan asuba, mu za mu ɗauki na hantsi zuwa la'asar. Mutanena har suna hararata, ni kuwa ina jin na yi karamcin da za a daɗe ana faɗa. Na juya a gaban taro na ce, "Arɗo, ko da magana?"

Ya gyara zaman sandarsa a kafaɗa ya ce, "Ba komai, Malam Isyaku. Yadda kuka yi ya yi."

Na koma gida ina fankama. Ba a jima ba sai abu ya fara lalacewa. A buɗe ƙofa da asuba, ruwa ya yi ta malala a gefensu babu mai tare shi, har ya haura hanya. Sai rana ta ɗaga ka gan su sun taho da tiyo da fartanya, lokacin kuwa an juyo ruwa wajenmu. Tumatirinsu ya fara yaushi. Mu kuma bakinmu ya buɗe, masu cewa lalaci ne, masu cewa da ma makiyayi me ya sani a noma. Ni kaina na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa. Da lokacin yasar kanal ya zo, aka yi gayya, ko mutum ɗaya bai zo daga ruga ba. Laka da ciyawa suka cike gefen da ya kamata su yashe, ruwa ya daina kaiwa gonakin ƙarshe, alkamarmu ma ta fara jin jiki. Duk wannan abin, in muka haɗu da Arɗo a kasuwa sai mu gaisa har mu gaji. Ya shanu, lafiya. Ya gona, alhamdu lillahi. Ko akwai damuwa? Ba komai.

Innarku ce ta kwance mini ƙullin. Matar Arɗo tana kawo mata kindirmo, su kuwa mata in suka zauna ba sa zagaye-zagayen da muke yi. Ina cin abinci ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, wai da ka ba mutane ruwan asuba, ka tambayi wanda zai tatsar musu shanu?"

Raina ya ɓaci, na ture kwano na ce, "Ai na tambaye shi a gaban kowa!"

Ta ɗauke kwanonta ta ce, "A gaban kowa ɗin ne ai."

Ka ga abin da idona bai gani ba. Asuba a wurin mai shanu ba lokacin gona ba ne. A lokacin ake tatsa, a saki maruƙa, a kora garke. Kyautar da na yi musu ita ce daidai sa'ar da ba su da hannun karɓa.

Washegari bayan sallar asuba na hau keke na tafi rugar. Na tarar da Arɗo a tsugunne da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Muka gaisa, ban ce masa ga abin da ya kawo ni ba, shi ma bai tambaya ba. Wani ɗan maraƙi yana ta kutsa kai yana hana shi tatsa, sai na kama igiyarsa na riƙe. Maraƙin nan ya taka ni, ya ɓata mini wando, ni dai ina riƙe. Da aka gama na ce ya raka ni in ga gonarsa. Muka jera a kan gaɓa, shi yana kallon gaba ni ina kallon gaba, har muka isa wurin tumatirin da ya kwanta. A nan ne, ba tare da ya dube ni ba, ya yi magana.

Ya ce, "Malam Isyaku, ruwan asuba ba shi ya fi ci mini rai ba. Tun kana saurayi nake buɗe ƙofar nan. Da ka zo kafin taro ka ce, Arɗo, ya kuke yi da safe, da na gaya maka. Amma ka tsaya kana ta cewa mu, kana ta cewa ku, sannan ka kira ni a gaban 'ya'yana da naka ka ce in faɗi in da magana. In ce me? In ce shugaba ya yi kuskure ranar da aka naɗa shi? Ai ba zan kunyata ka ba."

Kabiru, sai a lokacin na gane. Ni ina can ina cewa mutumin nan munafuki ne, ya ce ba komai alhali da komai. Ashe rufa mini asiri ya yi, ya ɗauki asarar a kansa don kada in ji kunya a bainar jama'a. Sai dai zuciya ba ta iya riƙe irin wannan har abada, abin da baki ya ƙi faɗa sai ya fito ta hannu, shi ya sa ba su zo yasa ba.

Muka juya rabon, su na hantsi mu na asuba, kowa ya samu abin da da ma yake so. Makullin ƙofa kuma na kai masa har gida na ce a wurinsa zai zauna. Yasar da ta biyo baya sun zo har da samarin da ban taɓa gani ba. Ina faɗa da bakina, kuma ina jin daɗin faɗa, tun daga ranar ba a sake ɗaga murya a kan ƙofarmu ba, alhali a wasu layukan kanal har gaban dagaci ake zuwa. Arɗo ya rasu, Allah Ya jiƙansa, amma har gobe shanun 'ya'yansa ke cin karan shinkafata, takinsu kuma a gonata yake sauka.

To ka ji. Ba komai ɗin Malam Tanimu irin ta Arɗo ce. Mutumin nan yana son ka, shi ya sa ya ƙi ɓata maka ranarka. Kuma an yi masa ciwo, shi ya sa hannunsa ya mutu a aiki. Duka biyun gaskiya ne, kada ka ɗauki ɗaya ka yar da ɗaya.

Ga abin da nake so ka yi. Kafin ka hau motar Kaduna, ka tafi gidansa a Kumbotso. Ba ofis ba, ba ta waya ba, kuma don Allah ka cire rigar kamfanin nan ka sa kaftani. Ka tsuguna ka gaishe shi yadda ka saba tun kana ɗaukar masa jakar kayan aiki. Kada ka ce masa ko akwai matsala, ka riga ka san amsar da za ka samu. Ka roƙe shi ya raka ka wani ƙarfe da ke ba ku wahala, ka bar shi ya duba janareta kai kana miƙa masa sifana. Ka tambaye shi abin da kake buƙatar sani da gaske, don na tabbata akwai su da yawa, kada ka ƙirƙiro tambaya don lallashi, dattijo yana gane wannan tun daga nesa. In kun kamo hanyar dawowa, kuna zaune a mota kowa yana kallon titi, zai yi magana. In bai yi ba ka sake komawa. In ya fara kuma, ka rufe bakinka, ko da ya faɗi abin da ya yi maka zafi.

Bayan ya gama nasa, kai ma ka yi naka. Ka gaya masa abin da Madam ta ce ka yi a kansa, kada ya ji a bakin wani. Ban ce ka je ka yi masa ƙarya a wurinta ba. In ƙarfe ya mutu ba Madam ke shan wahala ba. Mai tumatir ne a Kadawa da ya cika kwanduna yana son jin yadda kasuwar kudu ta kwana kafin ya yi lodi, da matar da naƙuda ta kama ana neman mai mota. Ka faɗa masa haka, ka ce kana son ka je gabanta ka ce a bar shi, amma sai ya ba ka abin da za ka tsaya a kai. Mutumin da ya koya maka ɗaura igiya ba zai so ya zama sanadin faɗuwarka ba. Sannan ka nemo masa nasa makullin. Ban san aikinku ba, amma akwai abin da ya fi kowa iyawa, ka sa a damƙa masa shi a gaban jama'a, ko koyar da sababbin nan ne.

Ita kuma Madam, kada ka bari 'yan gida su cusa maka ƙinta. Na ji ka ce suna cewa ba ta da tarbiyya. Ni ban ga haka ba, na ga mace ta tsaya a gindin mangwaro kamar yadda na tsaya. Ta yi tambaya da zuciya ɗaya, aka ce mata babu matsala, ta yarda, don a inda ta fito in da matsala faɗa ake yi. Laifinta kawai ba ta da Innarku a kusa. To kai ne za ka zame mata. Ka same ta ita kaɗai, cikin ladabi, ka bayyana mata cewa a nan ba a tambayar babba damuwarsa a gaban na ƙasa da shi, kuma in mutum ya ce ba komai to ba a gama magana ba, yanzu aka fara. Kai kuma ka koyi nata. In ta ɗora maka abin da ba zai yiwu ba, kada ka sunkuyar da kai ka ce mata to, irin yadda kake yi mini. Za ta ɗauka ka amince, ta tafi ta gina a kai. Ka dube ta ka ce ba zai yiwu ba, ga dalili. A wurinta wannan ba rashin kunya ba ne.

Maganar suna kuwa, su kira junansu yadda suka ga dama, dokar kamfaninsu ce. Amma kai, ko a gaban mai kamfanin ne, Malam Tanimu za ka ce. Ba wanda zai kore ka a kan wannan, kuma za ka ga wasu daga cikin sababbin sun fara bin bakinka. Ka kuma cire mu da su daga harshenka, ni na ga abin da suka jawo mini. Ka ci abinci da waɗannan yau, gobe ka ci da waɗancan. Za a samu masu cewa ka sayar da 'yan gida don kujera. Zai yi maka ciwo, ni ma an ce na sayar da ruwan unguwa ga Fulani, waɗanda suka faɗa kuwa su suka fi kowa cika buhu a shekarar.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Ranar da ka zo zaure ka tsuguna, ƙannenka suna tsaitsaye a bayanka suna murna, ka ce, "Baba, sun ce Kaduna zan koma da zama, ko da damuwa?" Ka tuna abin da na ce maka. Ka tashi da sauri ka shiga wurin Innarku, ni kuma na zauna ina kallon inda kake kafe mashin ɗinka.

Akwai komai, Kabiru. Tun da ka yi wayo ban taɓa fitowa masallaci da asuba ban ji takunka a bayana ba. Ƙarar mashin ɗinka da yamma ita ke gaya mini in naɗe tabarma a kawo tuwo. Ban san yadda zan yi da zauren nan ba in ka tafi, kuma ba na jin kunyar faɗa maka a takarda. Amma ba zan ɓata maka ranarka a gaban ƙannenka ba, kuma ko yanzu ba cewa nake ka fasa ba. Ka tafi, da yardata da albarkata. In alkama ta isa yanka ka nemi hutu ka zo, mu jera a kan gaɓa mu duba gona.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka a sama in ka hau, Ya sauko da kai lafiya. Allah Ya daidaita tsakaninka da Malam Tanimu, Ya bar masa abincinsa, Ya ba ka ikon yin adalci ga na gida da baƙo. Allah Ya yi maka albarka.

In ka sauka ka kira ni, zan hau gaɓar kanal in jira. In ka tambaye ni ya gida na ce maka ba komai, yanzu dai ka san yadda ake jin ta.

Mahaifinka,
Isyaku